Jiran Ƙurunƙus

Kakata ta wajen uwa tana da wata ɗabi'a da ta riƙa ƙona mana rai muna yara. Bayan sallar isha'i za mu zagaye ta a tsakar gida, ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu amsa, ta ɗauko tatsuniya tun daga tushe. Sai an kai daidai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya, yana cikin rami kura na tsaye a bakinsa, sai mu ji muryarta tana yin ƙasa-ƙasa, carbi ya sulale daga hannunta. Barci ya yi awon gaba da ita. Mu girgiza ta, mu ce, "Iya, sai me ya faru?" Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ku je ku kwanta, gobe ma rana ce." Wata goben takan zo a ƙarasa mana. Wata kuwa har Allah Ya karɓi ranta ba ta zo ba. Akwai Gizon da ya kwana a ramin nan yau shekara talatin da ɗoriya.

Wanda ya tuno mini da ita wani dattijo ne Ba'amurke mai farin gemu, George R. R. Martin, wanda miliyoyin mutane ke zaune a gabansa kamar yadda muke zama a gaban Iya, suna girgiza shi, suna tambayar sai me ya faru. Shi ne marubucin jerin littattafan almarar nan, A Song of Ice and Fire, da aka mayar fim mai dogon zango mai suna Game of Thrones, fim ɗin da samarinmu da dama suka kalla a waya ko da ba su taɓa ganin bangon littafin ba. Labari ne na gidajen sarauta masu yanka juna a kan karaga ɗaya a wata ƙasa ta ƙage mai suna Westeros, alhali daga arewa mai ƙanƙara wata halaka na tunkaro su baki ɗaya, daga gabas kuma wata gimbiya da aka ƙwace wa gidansu mulki tana renon dodanni uku masu fukafukai da aman wuta.

Littafi na farko ya fito a 1996, lokacin niyyar marubucin ya gama komai a littafi uku. Na biyu ya biyo baya a 1998, na uku a 2000. Daga nan tafiyar ta fara ja da ƙafa. Na huɗu sai 2005, kuma a ƙarshensa Martin ya bar wa masu karatu 'yar wasiƙa yana fatan na biyar zai iske su baɗi. Baɗin nan shekara shida ta ɗauka, don sai a watan Yulin 2011 A Dance with Dragons ya fito. Tun daga ranar ake jiran na shida, The Winds of Winter. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da na biyar ya shiga kasuwa yanzu ɗan sakandare ne. Na shidan ma akwai na bakwai a bayansa, A Dream of Spring, wanda shi ne zai zo da ƙurunƙus. Wato mutane na jiran littafin da zai ba su damar fara jiran littafin ƙarshe.

Ga kuma inda barcin ya ɗauke mai labarin. Jon Snow, ɗaya daga cikin jaruman labarin, yana kwance cikin ƙanƙara, mutanensa sun daddaɓa masa wuƙa. Gimbiya Daenerys tana can cikin dajin ciyawa ita da dodonta, nesa da Meereen, birnin da take mulki. Rundunoni sun ja daga a wuri biyu, a kusa da Winterfell da kuma ƙofar Meereen. An zare takubba, ba a kai sara ba. Haka hannuwan nan suke a sama tun 2011.

Bahaushe mai karatu ya san wannan zaman sarai. Duk wanda ya tashi a lokacin da littattafan kasuwar Kano ke tashe ya san yadda ake raba labari ɗaya a yi na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu. Ya san takaicin kai wa shafin ƙarshe a tarar an yanke magana a gaɓa, an ce mu haɗu a littafi na gaba. Ya san zaryar zuwa wurin mai hayar littattafai: "Malam, na ukun ya fito kuwa?" Shi kuma ya ce a leƙo wani makon. Masu littattafan yaƙi, na sadaukai da matsafa da aljanu, su ne ma gwanayen barin jarumi a rataye. A wurinmu sau da yawa kuɗin ɗab'i ne ke jawo rabawar, sai an sayar da na ɗaya a sami abin buga na biyu. Amma dabarar kanta ta girmi injin buga littafi nesa ba kusa ba. Da ita Shaharzad ta tsira da wuyanta a Dare Dubu da Ɗaya, tana yanke labari idan asuba ta kawo jiki. Da irinta akun Magana Jari Ce ya riƙa tsare Musa ɗan sarki a cikin fada har gari ya waye, makircin waziri ya sha ruwa. Sai dai a lura da abu ɗaya. Shaharzad ba ta taɓa fashin dare ba. Takan yanke, amma takan dawo, kuma a kan dawowar nan aka ƙulla yarjejeniyar mai labari da mai sauraro.

Jira iri biyu ne. Akwai wanda aka sa wa rana, kamar na biki, wanda ɗokinsa kan kai daɗin ranar ko ma ya fi. Duniya ta ga irinsa a 2007. A watan Disambar 2006 J. K. Rowling ta bayyana sunan littafi na bakwai kuma na ƙarshe na Harry Potter, wato Harry Potter and the Deathly Hallows. A farkon Fabrairu aka sa rana: 21 ga Yuli. Daga nan sai aka shiga watanni na muhawara. Shin Harry zai mutu? Malam Snape, mutumin kirki ne mai ɓoye hali ko kuwa munafuki ne na gaske? Tun kafin nan ma, a watan Agustan 2006, manyan marubuta biyu, Stephen King da John Irving, sun haɗu da Rowling a wani taron karatu a Niyok, suka fito fili suna roƙon kada ta kashe yaron. Ka ji dattawan da suka ƙoshi da suna, sun koma yara a gaban Iya.

Da daren ya zo, shagunan littattafai a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka buɗe ƙofa da ƙarfe goma sha biyu, jama'a sun yi layi cikin shigar 'yan makarantar sihiri. Kwanaki kaɗan kafin nan wani ya ɗauki hotunan shafukan littafin ya watsa a intanet, amma masoya da yawa suka toshe kunne, suka kau da ido, suka ƙi leƙawa. A sa'o'i ashirin da huɗu na farko an sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka, da miliyan 2.65 a Birtaniya. Littafin farko na jerin, a 1997, kwafi 500 kacal aka fara bugawa masu bango mai tauri. Yaran da suka fara karatun suna tsaran Harry sun kai ƙarshensa suna samari da 'yan mata. Shekara goma cif, littafi bakwai, an ce ƙurunƙus, kowa ya share hawaye ya kama gabansa.

Ɗaya jiran kuwa shi ne jiran gawon shanu, inda za a tsaya a gindin bishiya ana ɗaga kai, ba a san ranar da iska za ta kaɗo ba. Nan masoyan Martin suke. Suna da abokan zama, domin Patrick Rothfuss ma ya fitar da The Name of the Wind a 2007, ya bi shi da na biyu a 2011, na uku da zai rufe labarin kuwa shiru kake ji. Irin wannan jira yakan tsamar da zuciya, kuma ya raba masoya gida biyu.

Gida na farko su ne masu zagi. Idan Martin ya je taro, su ce me ya fitar da shi daga ɗakin rubutu. Idan ya yi zancen ƙwallo, su ce ina littafinmu. Mafi muni, wasu sun zauna suna yi masa lissafin kwana: an haife shi a 1948, ga jiki, anya zai kai? A 2014 wani ɗan jarida ya kawo masa wannan zance, ya mayar da martani cikin fushi, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya dubi dattijo mai rai da lafiya ya ce damuwarsa kada ya mutu bai gama ba shi nishaɗi ba, ya mayar da ɗan Adam saniyar tatsa. Mu da muka san rai a hannun Allah yake, mun kuma san sau nawa tsoho ke zuwa jana'izar yaro, bai kamata a same mu a wannan layi ba.

Gida na biyu su ne masu cewa marubuci ba bawan kowa ba ne. Kun biya kuɗin littafi biyar, an miƙa muku littafi biyar, ciniki ya faɗa, kowa ya watse. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma da kamar adalci, amma ban yarda da ita duka ba. Wanda ya sayi littafi aka rubuta masa "na ɗaya" a bango, ya saya ne bisa fahimtar akwai na ƙarshe. Da an gaya masa tun farko cewa za a kai shi tsakiyar kogi a ajiye sandar tuƙi, da wataƙila bai shiga kwalekwalen ba. Kuɗi shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya biya. Ya biya da darare, ya haddace sunayen gidaje da tutocinsu, ya yi makokin mutanen da ba a taɓa haifa ba. Ba a ce wa irin wannan mutum ciniki ya ƙare.

Ra'ayina shi ne akwai nauyi a kan marubucin, amma nauyin alkawari ne, wanda ya bambanta da na bashi. Bashi yana da ranar biya, ana kai shi gaban alƙali, ana iya sayar da akuyar mutum a biya. Alkawari kuwa kaya ne da mai shi kaɗai ya san inda yake danne masa wuya. Kuma abin da Martin ya ɗauka bai tsaya ga tarin takardu masu lamba shida da bakwai a bango ba. Ya yi alkawarin ƙarshen da ya dace da farkon da ya ba mu. Wannan kuwa ba ya samuwa da tsawa.

Mai zagi yana ganin kamar rufe labari daidai yake da buɗe shi. Ya tambayi makiyayi. Sakin shanu da safe yaro ma zai iya, buɗe shinge ne kawai, kowace ta kama gabanta. Aikin yana wurin tattaro su da magariba, a ƙirga, a ga babu wadda ta kwana a daji ko ta faɗa gonar mutane. A littafin farko, ban da gabatarwa, ta idon mutum takwas muke kallon labarin. A na biyar sun zama goma sha shida, sun warwatsu a nahiya biyu, kowanne da abokai da maƙiya da asirin da yake ɓoyewa. Martin da bakinsa yakan raba marubuta kashi biyu, masu zanen gini da masu lambu. Mai zanen gini ya san yawan ɗakuna kafin a haƙa tushe. Mai lambu kuwa iri yake jefawa, ya yi ban ruwa, ya zuba ido ya ga abin da zai tsiro. Ya ce shi mai lambu ne. Wannan hali shi ya ba littattafansa rai, domin mutanensa kan yi abin da mai karatu bai zata ba, kamar masu rai na gaske. Shi ne kuma ya jefa shi cikin sarƙaƙiya, don lambun da aka bari shekara talatin yana yaɗo ya zama kurmi.

An ga alamun haka tun da daɗewa. Bayan littafi na uku ya yi niyyar tsallake shekara biyar a cikin labarin don yaran su girma, ya yi ta rubutu a kan haka, daga baya ya ga abin bai zauna ba, ya rushe ya sake. Littafin da ya biyo baya ya kumbura har sai da aka tsaga shi biyu bisa yankunan ƙasa, shi ya sa na huɗu da babban ɓangaren na biyar suke tafiya a lokaci guda. Akwai kuma ƙullin da shi kansa ya raɗa wa suna ƙullin Meereen: mutane da dama suna kan hanyar zuwa wurin Daenerys, kuma wanda ya riga isa yana canja duk abin da zai biyo baya. Ya rubuta, ya warware, ya sake rubutawa. Duk wannan a kan wata tsohuwar kwamfuta da ba ta haɗe da intanet, da tsohuwar manhajar WordStar da duniya ta daɗe da mantawa.

Ban wanke shi tas ba. Tun da fim ɗin ya fara a 2011 ɗaukaka ta zo masa da hidimominta, tafiye-tafiye da tarurruka da sababbin kwangiloli. A 2018 ya fitar da Fire & Blood, tarihin gidan sarautar su Daenerys, wanda daga cikinsa aka ciro fim ɗin House of the Dragon a 2022. Mai jira yana da hujjar cewa, ashe dai alƙalamin na aiki, sai dai a wata gonar. A watan Janairun 2016 ya fito ya amsa cewa ya kasa cika wa'adin da ya so, na fitar da littafin kafin zango na shida na fim ɗin. Na yaba masa da faɗin gaskiyar. Inda ya yi kuskure tun farko shi ne yawan nuna rana da yatsa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma da bai riƙa sa ranar ba da kunyar ta ragu.

Akwai wani nauyin da ba a cika ambata ba. Kowace shekarar jinkiri tana ƙara wa littafin tsada a zukatan masu jira. Dubban mutane sun yi shekaru suna tankaɗe da rairayar kowace jimla, har sun gano wasu asiran kafin a faɗa musu. Zancen asalin iyayen Jon Snow, alal misali, masu karatu sun daɗe da hasashensa kafin fim ya tabbatar. Saboda haka littafin da Martin ke rubutawa zai yi takara ne da dubban littattafan da masoyansa suka riga suka rubuta a kawunansu, kowanne kuma a wurin mai shi babu kamarsa. Wanda ya san haka, dole hannunsa ya yi nauyi.

Masu cewa ya dai gama ko yaya ne, ai an gwada musu hakan sun gani. Fim ɗin ya wuce littattafan, masu shirya shi, David Benioff da D. B. Weiss, suka ci gaba da abin da Martin ya gutsura musu na inda labarin ya dosa, suka cike sauran da nasu. A watan Mayun 2019 aka rufe shi a kashi na 73, zangon ƙarshe kashi shida kacal. Halakar da aka yi shekara takwas ana tsoratar da mu da ita, a dare ɗaya aka gama da ita. Gimbiyar da aka san ta da tausayin bayi ta juye ta ƙone birni cikin ƙiftawar ido, ba a ba mai kallo lokacin ganin yadda zuciyarta ta rikiɗe ba. Sama da mutum miliyan ɗaya da rabi suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake zangon. An sami ƙurunƙus a kan kari, amma ya koma baya ya ɓata wa mutane da yawa ɗanɗanon abin da suka ci da farko. Sauri ya haifi nawa. Labarin da ba a ƙarasa ba yana nan da ƙimarsa, ana iya komawa a sake karanta shi da marmari. Wanda aka ƙarasa da ha'inci kuwa, har farkonsa sai ya yi wari.

To idan ajali ya riga alƙalami fa? Tambaya ce halattacciya idan an yi ta da ladabi, kuma marubuta biyu sun amsa ta a aikace. Stephen King ya fara fitar da jerin The Dark Tower a 1982, yana yi yana ajiyewa. Ya ba da labarin wasiƙun da ya riƙa samu, har da ta wata tsohuwa da ciwo ya ci ƙarfinta da ta wani fursuna mai jiran hukuncin kisa, kowanne na roƙon a raɗa masa ƙarshen labarin kafin ya tafi. Bai iya ba su ba, domin shi ma a lokacin bai san ƙarshen ba. A watan Yunin 1999 mota ta buge shi yana tafiya a gefen hanya a jihar Maine, ya sha da ƙyar. Da ya miƙe sai ya zauna ya rubuta ukun ƙarshe a jere, suka fito tsakanin 2003 da 2004. Ya leƙa kabari ya tuna da kayan da ke kansa.

Na biyun ya fi taɓa zuciya. Robert Jordan ya fara The Wheel of Time a 1990, ya kai littafi na goma sha ɗaya a 2005, sannan likitoci suka gano yana da wata cuta mai wuyar magani da ta kama masa zuciya. Da ya ga alamar ba lallai ya kai ba, sai ya shiga tara bayanai, yana rubuta abin da ya iya, yana faɗa ana ɗauka, yana bayyana wa iyalinsa yadda labarin zai ƙare. Ya rasu a watan Satumbar 2007, wata biyu bayan duniya ta yi bikin ƙarshen Harry Potter. Matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa, ta zaɓi wani matashin marubuci da ya tashi da karatun littattafan, Brandon Sanderson, ta damƙa masa amanar. Abin da aka zaci littafi ɗaya ne ya zama uku, na ƙarshensu, A Memory of Light, ya fito a watan Janairun 2013. Shafukan rufewa kuwa na Jordan ne da kansa, ya bar su a rubuce. Wannan shi ne mutumin da ya ɗauki alkawari a matsayin kaya: da ya ga ba zai kai shi gida ba, ya ɗaure shi tamau, ya nuna hanya.

Ɗalibin zaure ba zai yi mamakin wannan ba. Ba ina haɗa darajar littafin addini da ta almara ba ne, amma Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk azumi aikin hannu biyu ne. Jalaluddin al-Mahalli ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya yi Fatiha, ya rasu a 1459. Ɗalibinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya ɗauki alƙalamin ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i, yana bin sawun malaminsa. Magabata sun san aiki kan fi ran mai shi tsawo, ba su kuma ɗauki cikawar ɗalibi a matsayin abin kunya ba.

Marubutanmu masu sakin labari kashi-kashi, a takarda ko a waya, akwai abin ɗauka a nan. J. R. R. Tolkien ya shafe kimanin shekara goma sha biyu yana rubuta The Lord of the Rings, kuma sai da labarin ya kammala sannan aka fitar da shi kashi uku tsakanin 1954 da 1955. Rowling ta ce tun da wuri ta rubuta babin ƙarshe ta adana. Ba kowa zai iya haka ba, don mai lambu ba zai koma mai zanen gini da rana tsaka ba. Amma kafin ka ce wa jama'a ga ta nan ga ta nanku, ya kamata aƙalla ka san ta wace ƙofa Gizo zai fita. Idan kuma ba ka sani ba, kada ka sa rana.

Saura mu masu jira. Akwai abin da ban gane ba sai da na girma. Tatsuniyoyin da Iya ta ƙarasa mana, yawancinsu sun bi ruwa, da ƙyar nake tuna guda uku. Wadda ta bari a rami ita ce ta zauna. Ni da 'yan'uwana mun yi shekaru muna fitar da Gizon nan ta hanyoyi daban-daban. Wani ya ce Ƙoƙi ce ta zo da dabara, wani ya ce ya yi mushen ƙarya, ƙanwata ta dage a kan cewa kurar ce ta gaji ta tafi. Muddin ba a ce ƙurunƙus ba, labarin namu ne mu duka, kowa da rabonsa a ciki. Ranar da littafin ƙarshe ya fito, ƙofofi dubu za su rufe, a bar guda ɗaya. Waɗanda suka yi layi a daren 21 ga Yulin 2007 sun san haka, shi ya sa da yawansu suka riƙa jan ƙafa a shafukan ƙarshe, suna son sani, suna kuma tsoron gamawa. Masoyan Martin da ke kukan an hana su ƙarshe sun yi shekaru suna cin wata gajiyar da masu karanta kammalallen labari ba sa samu, ko da ba su lura ba.

Wannan ba ya sauke wa dattijon kayansa. Ina so ya gama, ina kuma fatan Allah Ya ba shi kwana da lafiyar da zai gama da hannunsa. Ranar da The Winds of Winter ya fito zan nemi kwafina, in kashe waya, in ce wa mutanen gida ba na nan. Kafin nan ba zan zage shi ba, ba kuma zan ce masa babu komai ba, don akwai. Zan yi abin da muke yi a tsakar gida ne idan muryar Iya ta yi ƙasa: mu matsa kusa, mu taɓa ta a hankali, mu ce sai me ya faru. Wani daren takan farka ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya, kamar ba ta taɓa runtsawa ba.